Na'urar Kindle Paperwhite a hannun mai shirin karance littattafai goma sha huɗu

Na yi shekaru ina ɗage wani buri daga wannan hutu zuwa wancan, wato in zauna in karance manyan jerin littattafan almara na Turanci, irin waɗanda marubuci yake ƙera duniya sukutum da guda, da masarautunta da kuɗaɗenta da tsohon tarihinta, sannan ya saki mutane a cikinta su yi ta gwagwarmaya har tsawon littafi goma ko fiye. Wanda ya taso yana karɓar hayar littattafan yaƙi a shagon unguwa, yana sauri ya mayar da na ɗaya da la'asar don ya karɓi na biyu kafin wani ya riga shi, ya san irin wannan ƙishirwa. Bambancin kawai shi ne namu na wancan lokaci ana gama kowanne a zama ɗaya, waɗannan kuwa kowane guda ya kusa kaurin bulo. Abin da ya fitar da burin daga baki ya mayar da shi aiki shi ne wata na'urar karatu da na saya watanni tara da suka wuce, kuma a kanta nake son in yi bayani, ta fuskar wannan aiki guda ɗaya da na saye ta dominsa.

Sai an san girman kaya kafin a yi hukunci a kan jakin da zai ɗauka. Jerin da na fara da shi shi ne The Wheel of Time na marubucin Amurka Robert Jordan, wanda littafin farko a cikinsa ya fito a 1990. Jordan ya rasu a 2007 bayan ya wallafa goma sha ɗaya, ya bar rubuce-rubuce da bayanin yadda yake son labarin ya ƙare, sai matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa tun farko, ta zaɓi Brandon Sanderson ya kammala aikin. Abin da aka yi niyyar ya zama littafi ɗaya na rufewa sai da ya rabu gida uku, na ƙarshensu ya fito a 2013, jimla ta zama 14, ban da wani ɗan ƙarami na share fage da ya fito a 2004. Kalmomin jerin sun haura miliyan 4, mutanen da aka ambata da suna a cikinsa kuma sun haura 2,000. Ni da Turanci ba harshen gidanmu ba ne, idan na ƙiyasta ina karanta kalma 200 a minti guda, aikin zai ci sa'a 330 da ɗoriya, wato kusan wata goma sha ɗaya ga wanda ba ya fashin sa'a ɗaya kowace rana. A bayan wannan kuma na jera wasu uku a zuciyata: Malazan Book of the Fallen na Steven Erikson, mutumin Kanada, littafi 10 da suka fito tsakanin 1999 da 2011; The Stormlight Archive na Sanderson ɗin nan dai; da kuma jerin George R. R. Martin da aka yi fim ɗinsa duniya ta kalla.

Da takarda na fara gwadawa, kuma takarda ce ta kayar da ni. Duk wanda ya saba bin masu sayar da littattafai na hannu, waɗanda suke shimfiɗa su a bakin titi kusa da jami'o'i, ya san yadda abin yake: za ka sami na ɗaya yau, bayan wata biyu ka ci karo da na tara, na uku kuwa ya zo babu bango kuma shafukan ƙarshe sun zube. Labarin da aka gina shi hawa-hawa ba ya karɓar irin wannan tsallake. Na taɓa ajiye na biyar sama da shekara a kan kanta ina jiran na biyu, har ƙura ta mayar da gefen shafukansa ruwan ƙasa.

Na'urar da na saya ita ce samfurin Kindle Paperwhite da kamfanin Amazon ya fitar a 2021, mai allo inci 6.8, wadda aka fara sayarwa a Amurka a kan dala 140. Akwai wadda ta biyo bayanta a 2024 mai inci 7, farashinta na farko dala 160, amma ga aikin da nake magana a kansa ba su da wani bambancin a zo a gani. Abin da mutum zai biya a nan kuwa ya danganta da canjin ranar da kuma ribar wanda ya shigo da ita. Nauyinta bai wuce giram 205 ba, kusan nauyin babbar wayar hannu, kuma a cikin wannan nauyi littattafan nan goma sha huɗu za su zauna ba tare da ma'ajiyarta ta san an saka mata komai ba.

Allon shi ne dalilin da ya sa ta bambanta da waya, kuma ya kamata a fahimci yadda yake aiki domin daga nan sauran alherinta ya samo asali. A ƙarƙashin gilashin akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace tana ɗauke da ƙurar launi fara da baƙa, kuma idan aka juya shafi wutar lantarki ce take tura farar sama ko baƙar sama gwargwadon siffar haruffa. Da zarar shafin ya zauna, ba ya bukatar wuta don ya ci gaba da zama, tamkar tawada ce ta bushe a kan takarda. Shi ya sa ake iya karanta ta a tsakar rana a ƙarƙashin bishiya, inda allon waya yake komawa madubi, kuma shi ya sa batirinta yake daɗewa. Kamfanin ya ce caji ɗaya yana iya kaiwa mako goma, bisa lissafin karatun rabin sa'a a rana da intanet a kashe. Ni da nake wuce haka, kuma mafi yawan karatuna da dare ne da hasken a kunne, nakan yi mako uku zuwa huɗu kafin in nemi wayar caji in jona, kuma bakin cajinta irin na sababbin wayoyi ne. A ƙasar da wuta take zuwa a matsayin baƙuwa, wannan shi ne abu na farko da zan yaba.

Hasken nata ma ba daga bayan allo yake fesowa zuwa ido ba. Ƙananan fitilu ne a gefe suke shimfiɗa shi a kan shafin, kuma ana iya mayar da shi ruwan ɗorawa idan dare ya yi. A lokacin zafin bazara, da muka fitar da katifu tsakar gida bayan an ɗauke wuta, na karanta rabin littafi na huɗu a cikin gidan sauro, a kwance, na'urar a hannu ɗaya, mafici a ɗayan, yara suna barci a gefena babu wanda hasken ya tasa. Da littafin takarda ne mai shafi kusan dubu, da sai na haɗa da tocila a wuya, hannu biyu suna tallafe da shi, ƙwari kuma suna taruwa a kan hasken. An kuma yi ta yadda ruwa ba zai shige ta ba, har an ce tana jure nutso na sa'a guda a zurfin mita biyu. Ban gwada hakan ba, ba kuma ni da niyyar gwadawa, amma yayyafin farkon damina ya same ta bai yi mata komai ba.

Ga wanda ya koyi Turanci a aji, ƙamus ɗin da ke cikinta ya isa ya biya rabin kuɗinta. Marubutan irin wannan almara suna son tsofaffin kalmomi: sunayen sassan sulke, da kayan doki, da ire-iren yadi da ɗinkin riguna, da muƙaman fada waɗanda ba a jin su a labarun rediyo. Jordan musamman ba ya gajiya da bayanin tufafi, yana iya cin rabin shafi a kan aikin allurar da ke wuyan rigar wata baiwar Allah kafin ta buɗe baki ta yi magana. A takarda nakan tsallake irin waɗannan kalmomi in yi hasashen ma'anarsu, saboda tashi neman ƙamus yana yanke zaren labari. A nan kuwa ɗora yatsa kawai ake yi a kan kalmar, ma'anarta ta fito a ƙasa, ba tare da bukatar intanet ba, kuma na'urar tana tara duk kalmomin da mutum ya nema a wuri ɗaya, kowace da jimlar da ta fito a cikinta, don ya koma ya yi bita. Zuwa littafi na uku na lura cewa neman da nake yi ya ragu sosai, domin marubuci ɗaya ne kuma rumbun kalmominsa ɗaya ne. Jerin harsunan da na'urar take magana da su bai haɗa da Hausa ba, amma akwai Faransanci, wanda zai yi wa masu karatu na Nijar daɗi, ga shi kuma an fassara jerin Jordan zuwa wannan harshe.

Inda na fi daɗewa ina auna ta shi ne batun sunaye, domin a dogon labari abin da yake fara gajiya shi ne ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya sayar wa jarumi doki a littafi na biyu yana iya dawowa a na bakwai, marubucin kuma ya ɗauka kana tune da shi kamar jiya kuka rabu. A cikin ƙungiyar matan nan masu baiwa da ake kira Aes Sedai akwai Siuan, akwai Sheriam, akwai Seaine, akwai Saerin, kuma biyun ƙarshe suna haɗuwa a fage ɗaya a littafi na takwas, inda sai mutum ya natsu kafin ya gane wace ce take tuhumar wace. Na'urar tana da hanyoyi biyu na taimako. Ta farko ita ce abin da suka kira X-Ray, wanda yake jero mutanen littafi da wuraren da aka ambace su, sai dai ba kowane littafi ne yake zuwa da shi ba. Ta biyu ita ce bincike: ka rubuta suna, ta kawo maka duk jimlolin da ya fito a cikinsu daga farkon littafin zuwa ƙarshensa. Wannan "zuwa ƙarshensa" shi ne wurin hattara, domin jimlolin da ba ka kai ba tukuna suna nan a jere a ƙasan waɗanda ka wuce, kuma ido ba ya neman izini kafin ya karanta. Dabarar da na koya ita ce in rufe rabin allon na ƙasa da tafin hannu, in leƙa sakamako biyu ko uku na farko, in fita da sauri.

Duk da haka ta fi aminci a kan abin da na yi da kaina a littafi na biyar, lokacin da wani suna ya ɓace mini na ɗauki waya na neme shi a intanet. Layin farko na shafin da ya buɗe ya gaya mini ko wane ne mutumin, layi na biyu kuma ya gaya mini a littafi na nawa zai mutu da kuma wanda zai kashe shi. Laifina ne, ba na kowa ba, amma tun daga ranar na hana kaina neman kowane suna a wajen littafin da ke hannuna. Jordan ya sanya ɗan ƙamus na sunaye da kalmomi a ƙarshen kowane littafi, kuma shi nake fara dubawa yanzu, na sa masa alama don in riƙa zuwa in dawo.

A wannan zuwa da dawowa ne iyakar kowace na'ura irin wannan take bayyana. Mai littafin takarda yana saka yatsa ɗaya a shafin taswira, ɗaya a inda yake karatu, yana jujjuyawa yadda ya ga dama, kuma hannunsa yana tuna masa cewa zancen da yake nema yana wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin littafin, a shafin hagu, can ƙasa. Allo ba shi da kauri, ba shi da hagu da dama, duk shafuka fuska ɗaya gare su. Taswirar da aka zana don ta cika shafi biyu, idan aka matse ta a inci 6.8 na baƙi da fari, sunayen garuruwa suna komawa kamar ƙwayar gero, kuma ko da yake ana iya faɗaɗa hoton, irin wannan allo ba ya motsi da santsin na waya. A labarin da rundunoni suke tafiyar makonni, kuma sanin wace ƙasa ce take iyaka da wace shi ne sanin dalilin yaƙin, taswira ba ado ba ce. Maganin da na samu mai arha ne: na kai taswirar shagon masu buga takardu aka buga mini ita a babbar takarda, na ninke ta na saka a cikin murfin na'urar. Wanda yake shirin karanta The Stormlight Archive ya kamata ya san wannan tun da wuri, domin littattafan Sanderson ɗin cike suke da zane-zanen halittu da tsirrai da shafukan rubutun hannu waɗanda suke cikin labarin kansa.

Akwai wani ɗan layi a kusurwar ƙasa ta hagu wanda na yi ta rigima da shi a raina. Idan aka taɓa shi yana canzawa: ya nuna lambar shafi, ko mintunan da suka rage a babi, ko sa'o'in da suka rage a littafin gaba ɗaya bisa saurin karatun mai ita, ko ya ɓace ɗungurungum. Na mintunan babi abokin tafiya ne, domin shi yake gaya mini ko zan iya gama wannan babi kafin a kira sallar isha'i. Na sa'o'in littafi kuwa mai karya gwiwa ne. Buɗe sabon littafi ka ga an rubuta saura sa'a talatin, alhali ka san akwai wasu takwas irinsa a baya suna jira, yana sa mutum ya fara karatu kamar mai biyan bashi. Masu karatun wannan jeri sun daɗe da yin ittifaƙi cewa tsakiyarsa, daga wajen littafi na bakwai zuwa na goma, tafiyar tana yin nauyi, labari ya rarrabu gida-gida, a shafe babi da yawa ana shawara da shan shayi ba a matsa ko'ina ba. Ina cikin wannan yanki a yanzu, kuma shawarar da zan ba duk wanda ya iso nan ita ce ya kashe layin gaba ɗaya. Rashin ganin kaurin littafi, wanda na ƙirga a matsayin rashi a batun taswira, a nan ya zama sutura, domin mutum yana ganin shafin da ke gabansa ne kawai.

Batun saye yana da tsarinsa da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗi. Na'urar tana bukatar a haɗa ta da intanet don sauke littafi, kuma na wayata nake ba ta. Littafi guda ba ya cin data mai yawa. Biyan kuɗi da dala ake yi, kuma wanda ya yi mu'amala da katin naira a 'yan shekarun nan ya san akwai lokacin da bankuna da yawa suka dakatar da biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje da shi. Katina ya ƙi wucewa a karon farko, sai da wani ɗan'uwa da ke zaune a waje ya saya mini katin kyauta na loda a asusuna. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: littafin da aka saya a kantin Amazon na intanet izinin karantawa ne da aka ɗaure da asusun mai saye, don haka ba za ka gama ka miƙa wa ƙaninka ko ka kai wa mai littattafai na hannu ya canza maka da wani ba, kuma tun Fabrairun 2025 kamfanin ya rufe hanyar da a da ake sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta a tura shi cikin na'urar ta wayar caji. A al'adar da littafi ɗaya yake zaga gida biyar kafin ya dawo wa mai shi, wannan canji ne na gaske. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2022 ana iya aika wa na'urar littattafan da aka samu daga wasu wurare a tsarin EPUB, wato wani nau'in fayil na littattafan lantarki, ta karɓe su.

Sauƙin saye shi kansa jarraba ce. Taɓawa ɗaya ake yi littafi ya sauko, kuma a makon farko na kusa sayen jerin Erikson gaba ɗaya alhali ban gama babi goma na Jordan ba. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce ba na sayen na gaba sai na shiga kashi 90 cikin ɗari na wanda nake ciki, kuma duk wani sabon jeri sai na sauke samfurin farkonsa na kyauta, wanda kantin yake bayarwa ga kusan kowane littafi, na ɗanɗana tukuna. Ta wannan samfuri na gane cewa Erikson ba ya riƙe wa mai karatu hannu, yana jefa shi tsakiyar yaƙi ne da jerin sunaye a gaban littafin ya ce ya nemo hanyarsa, don haka na ajiye shi sai lokacin da kaina ya huta. Na Martin kuwa na mayar da shi can ƙarshen layi, domin na farkonsa ya fito a 1996, na biyar a 2011, na shida har yau ana jira, kuma ba na son in yi tafiyar shafi dubbai in iske gadar ba a gama ta ba. Na Sanderson ma littafi goma aka tsara, na biyar ya fito a Disambar 2024, sai dai shi ya faɗa tun farko cewa biyar ɗin farko zango ɗaya ne, saboda haka akwai wurin yada zango.

Wanda karatunsa littafi biyu ko uku ne a shekara, wayar da ke aljihunsa ta ishe shi, manhajar Kindle ma kyauta ce a kanta, kuma kuɗin na'urar ya fi amfani a wani wurin. Wanda yake neman abin karanta takardun makaranta masu jadawali da hotuna masu launi shi ma ba ita ce tasa ba. Amma ga wanda ya ƙudura niyyar irin wannan doguwar tafiya, musamman idan karatunsa na dare ne, wutar unguwarsu ba ta da tabbas, kuma ya san kansa cewa idan a waya yake karatu saƙon farko da ya shigo zai ɗauke shi zuwa wani wuri, ina ganin ta cancanci kuɗinta, tare da murfi mai ƙarfi da taswira bugaggiya. A watanni taran nan na gama bakwai, ina tsakiyar na takwas, wanda ya nuna na gaza lissafin da na yi da farko, kuma azumi ne da wasu makonni na aiki suka ci gibin. Idan Allah ya kai mu, ina sa ran shiga na goma sha biyu, inda alƙalami ya koma hannun Sanderson, kafin sanyin hunturu ya wuce.